Ranar da Na Miƙe Na Ce Kwalin Nawa Ne

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kwashi dangina a mota na kai su jami'a don su ga yadda ake karrama ni ba. Wannan kafin yaƙi ya watsa mu ne, lokacin ina da shagon turare a kasuwar Umdurman, a Sudan.

Sana'armu humra ce. Yayata, Haja Sakina, ita ke haɗawa a gidanta da ke unguwar Alhilla Kuku, ni kuma in sayar. Shekara da shekaru muna zuba ta a kwalba fara marar ado, Yaya ta rubuta suna da Larabci da hannunta a 'yar takarda, mu manna. Haka alhazai da fatake suke ɗauka su kai Kano, kuma ba ta kwana a hannunsu.

Sai wayo ya motsa mini. Na ce ai kayan da za su ƙetare ƙasa dole su yi shigar ƙasashen waje. Na je wata maɗaba'a a Bahri, tsallaken kogi, aka buga mini kwali mai ruwan zinariya, da suna da Faransanci (har yau ban iya faɗinsa daidai ba), da hoton wata Baturiya tana lumshe ido. Yaya ta juya kwalin ta ce, "Auta, wannan matar ta taɓa shiga ɗakin amarya kuwa? Ka bar mini kwalbata." Na ce mata ita ta san tukunya, ni na san kasuwa. Ta ajiye kwalin ta koma kan tukunyarta.

Kaya suka tafi, suka zauna a Kano. Na ɗora laifin a kan direbobi, da zafin hanya, da dillalai. Abin da ban so ko kaɗan shi ne Yaya ta ce ai ta faɗa, don ranar da ta faɗi haka, ta karɓe ragamar sana'ar ke nan.

Ana cikin haka wata ɗalibar jami'a, Ustaza Nafisa, ta zo shagona. Ta ce tana bincike a kan yadda kaya ke fita daga masana'anta su isa wata ƙasa, da yadda mutanen can ke kallon tambari da talla. Murna ta kama ni! Na aika aka kawo mata shayi, na cika ta da bayani, na ba ta sabon kwali da tsohuwar kwalba. Har Kano ta je ta zauna da mata masu saye.

Da ranar gabatar da aikin ta matso, ta kira ni a waya. "Ya Hajj, zan nuna kayanka amma na rufe sunan. Kuma ba sai ka wahalar da kanka ka zo ba. Gara in zo shago mu yi magana tukuna." Na ce a raina, Allah sarki, yarinya mai kunya. Kafin la'asar layinmu kaf ya san jami'a za ta karanta ni a littafi.

Na ɗauki hayar ƙaramar bas. Na sa jallabiya fara fes, na naɗa rawani mai tsawon da sai da na sunkuya kafin in shiga motar. Yaya, matata, surukina, da maƙwabcina Usman mai sayar da itacen sandal na turare, duk muka tsallaka gada muka shiga Khartum. Muka cika layin gaba. Da Ustaza ta hango mu, na ga fuskarta ta canza (na ɗauka farin ciki ne).

Ta fara bayani da Larabcin 'yan boko, ina ta gyaɗa kai kamar tare muka rubuta. Can sai ga kwalina a jikin allo, ƙato kamar ƙofar gida, an shafe sunan da baƙin layi. Ta ce, "Wannan kayan wani ɗan kasuwa ne da ba za mu ambata ba..."

Ba za a ambata ba? Bayan na biya kuɗin mota? Na miƙe tsaye, na juyo na fuskanci jama'a, na dafa ƙirji na ce, "Babu komai, ya Ustaza, ambata! Nawa ne! Ni na zana shi da kaina, ba wanda ya taya ni!" Matata ta rangaɗa guɗa. Usman ya taya ni murna da Larabcin Sudan, "Mabruk, ya zol!" Mutane suka tafa.

Ustaza ta dubi shugaban zaman, wani farfesa mai furfura. Ya ce ta ci gaba. Baiwar Allah ta ce wannan kwali shi ne misalin yadda tambari ke kashe kaya. Ta ce matan Kano da ta nuna wa sun ce jabu ne, don humrar Sudan ta gaskiya a kwalba marar ado take zuwa, da rubutun Larabci na hannu. Wata ma ta ce ba za ta sa wa 'yarta turaren da ba a san wace uwa ta haɗa ba. Sannan ta haska tsohuwar kwalbarmu, da rubutun Yaya a karkace, ta ce wannan suka yi ta rububi a kai, alhali humra ɗaya ce a ciki.

Ni kuwa ina tsaye har lokacin. Wallahi na manta yadda ake zama. Farfesa ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ya Hajj, mun gode. Ba kullum muke samun misali ya zo da ƙafarsa ba." Ɗakin ya ɗauki dariya. Usman har da buga kujera.

Na jira Yaya ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta dai ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malam, wancan rubutun kuma nawa ne." Aka yi mata tafin da ya ninka nawa.

Tun daga ranar, Yaya ce ke yanke shawarar yadda kaya za su fita, ni kuma in ɗauka in kai tasha. Darasin da na koya ba na littafi ba ne: in ka ga mai ilimi ya rufe sunanka, kada ka yi saurin buɗewa. Wataƙila asirinka yake rufa maka.