Rasuwar Sarkin Surutu, Babur ɗin Papa Tutai

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya wuce na hawaye, iyalin Papa Tutai na Matavera ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki a duk faɗin tsibirin Rarotonga rasuwar babur ɗinsu, wanda aka fi sani da Sarkin Surutu. Ya cika ranar Asabar da hantsi a kan hanyar dawowa daga kasuwa, da buhun gwaza a bayansa.

Marigayin ya yi zamansa cikin haƙuri. Ya sha iskar gishiri bai yi gunaguni ba. Ya kai yara makaranta, ya kai kifi gidajen maƙwabta, ranar Lahadi kuma ya ɗauki Mama Tapita, matar Papa Tutai, zuwa coci, tana zaune a karkace, hannu ɗaya a ƙugun mijinta, ɗaya a kan farar malafarta. Ita ce ta raɗa masa sunan, tun lokacin da ya fara wata ƙara daga cikin inji, kacar-kacar-kacar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Wannan ƙarar ita ce ciwon ajalinsa, kuma an san da ita tun tuni. Maara, ɗiyar ƙanen Papa Tutai, wadda ke da garejin bayan kanti, ta duba shi bara. Ta kwance tenshina, wato ɗan ƙarfen da ke matse sarƙar taimin ta cikin inji, ta danna sandarta da babban yatsa. Maimakon ta cije, sai ta koma ciki salin-alin. Haƙoranta sun cinye, sifirin ya saki, robar da sarƙar ke bi ta yi kwari. Maara ta ce a sa sabuwa kafin sarƙar ta tsallake. Aikin rabin yini ne, in ji ta, zai tashi shiru kamar ɓarawo.

Papa Tutai ya ce ta mayar da tsohuwar yadda ta same ta.

Masu cewa rowa ce ta kashe marigayin, Allah ya yafe musu, don mu ba mu yafe ba. A lokacin, mantuwa ta riga ta ci ƙarfin Mama Tapita. Sunayen jikoki sun tafi, hanyar coci ta tafi, daga baya fuskar mijinta ma ta tafi. Abu ɗaya ya rage. In ta ji kacar-kacar daga bakin titi, sai ta gyara furen da ke kunnenta, ta ce Tutai ya dawo, ta yi masa faɗan daɗewa. Duk wanda ya sauko daga kan ƙarar nan, shi ne mijinta har zuwa dare. Shi ya sa kullum Papa Tutai yake ƙirƙirar aike, ya fita don kawai ya dawo.

Maara ta ce, "Papa, wata rana a hanya zai ajiye ka."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Haɗa min shi haka."

Ranar Asabar sarƙar ta tsallake, bawul ya haɗu da fistin a cikin inji. An ji ƙas sau ɗaya. Papa Tutai ya turo shi har gida, ya sauke gwazar ya wanke ta.

Marigayin ya bar hular kwano biyu, da tsohon kwandon gaba, da kajin da suka saba gudu in sun ji shi. Ya bar Papa Tutai, wanda ya ari babur ɗin maƙwabci ya shigo da shi sau da yawa, amma lafiyayyen inji ne, Mama Tapita ba ta ko ɗaga kai ba. Yanzu yana wuni a kujerar da ke kusa da tata. Tana yi masa ladabin baƙo, tana tambayarsa ko ya ga mijinta a hanya. Yakan ce yana tafe.

Za a ajiye marigayin ranar Laraba da yamma a farfajiyar gida, kusa da kabarin iyayen Papa Tutai, a lulluɓe da mayafin da Mama Tapita ta ɗinka da hannunta. Za a ci gwaza da ɗanyen kifi a madarar kwakwa. Ba a buƙatar furanni. Amma duk wanda babur ɗinsa ke kacar-kacar, iyalin na roƙonsa kada ya kai wa Maara tukuna, ya biyo da shi Matavera. Masu kawowa su kashe inji tun kafin bakin titi, Papa Tutai ne zai shigo da shi. Mama Tapita ba za ta sauko wurin ajiyewar ba. Ta ce tana jiran Tutai.