Inda Motar Baba Take Tsayawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gwada motar marigayi Baba ba. Tsohuwa ce tukuf, ta girme ni, ta daɗe a rumfa kaji na ƙwai a cikinta. Yaya Bukar, babban wanmu, ya matsa a sayar wa 'yan gwangwan su farfasa. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce zan tashe ta (kanikancin nawa duk a waya na koye shi). Inna ta yanke hukunci: in motar ta kai ta garinsu Kirikasamma lafiya, a bar ta.

Na wanke lagireto, na sauya fanbel da tiyo, har ina cika baki wai Baba bai iya kula da mota ba.

Muka bar Hadejia da hantsi, Inna a gaba. Ƙarshen damina ne, ruwa ya kwanta a fadama iya ganinka. Ina ta fankama, sai na hangi allurar zafi tana hawa. Na rage gudu, ta ci gaba da hawa. Daidai wata tsamiya tururi ya fara leƙowa ta gefen bonet, gumi ya wanke ni. Na gangara gefe, na ƙaƙalo murmushi.

"Inna, bari mu ɗan tsaya ki ga tsuntsaye."

Sai kuwa Allah ya rufa mini asiri. Garken kirinjijiya ya tashi daga ruwa gaba ɗaya, ya tare rana, fukafukansu na ƙara kamar ana sheƙa ruwa a kan kwano. Tsigar jikina ta tashi, na ce Subhanallah, na ma manta da ƙaryar da na yi.

Da na waiwayo, Inna na dariya har da hawaye.

"Kai ɗan nan! Ko a bakinsa ka ji? Nan Babanku yake tsayawa tun ina amarya, wai in ga tsuntsaye. Hayaƙi na tashi, shi yana nuna mini sama."

"Daman kin sani?"

"Makauniya ce ni? Ban dai taɓa faɗa masa ba."

Ta sunkuya ta jawo galan ɗin ruwa daga ƙarƙashin ƙafafunta. Ashe tun daga gida ta taho da abinta. "Bari ta huce tukuna, kada ka ƙone fuska. Shi ya ƙone tasa sau ɗaya."

Na ji kamar in nutse a fadamar nan. Muka zauna muna kallon fadama har injin ya huce, na zuba wa lagireto ruwa muka ƙarasa Kirikasamma.

Da dare ta ce wa Yaya Bukar lafiya lau motar ta kai ta, ba za a sayar ba. Ni dai tun ranar na daina kushe Baba, kuma in zan yi wa Inna ƙarya sai na fara binciken ko ya riga ni.