Ruwan Namu, Wutar Tasu

Jama'a, ku yi mini uzuri, yau da gira ɗaya nake rubutu. Da safe na buɗe famfo zan wanke kofi, Kaka Opal na gefe tana ƙyasta ashana za ta kunna sigari, sai ruwan ya kama da wuta. Ruwan sha fa.

Tun da kamfanin mai ya kafa injin haƙa a bayan garkenmu rijiyarmu ke gyatsa, shanu ma sun ƙi kusantar kwatarniya. Mun ce ba mu yarda ba, aka ce ai ba a tambaye mu ba. A nan Oklahoma saman gona ne namu, cikinta an sayar tun kafin a haifi Kaka.

Maƙwabcinmu Hoyt ya leƙo ta taga. "Opal, kin huta da sayen gas! A ara mini famfon ranar Lahadi in gasa haƙarƙari?"

"Zo ka kafa baki ka sha, Hoyt, ko gemun nan ya ragu."

Muka nufi ofishin babban wakilin kamfanin, Mai Girma Sarkin Ƙarƙashin Ƙasa, mutum mai tausayi, don har ya ɓoye robar ruwansa kada ta tayar mana da hankali.

"Ranka ya daɗe," in ji Kaka, "ruwan da ba ya ci da wuta muke so."

"Iya, ruwan naki ne, ba mai taɓa miki shi. Wutar ce ta kamfani, tunda daga ƙasa ta fito. Kin dafa wani abu da ita?"

"Na ɗumama kofi."

"Kash! Wannan sata ce, amma zan rufa miki asiri."

Ku ga adalci! Kaka ta matsa gaba. "To su zo su kwashe wutarsu daga ruwana."

"Za a kafa kwamiti."

"Yaro, faɗa mini, in na haƙa, a ina ƙasata ta ƙare?"

Ya ɗan yi tunani. "Daidai inda kika tarar da wani abin kirki."

Muka sayo ruwa a gari, muka loda a bayan mota, shanu suka sha kafin mu. A hanyarmu ta dawowa, daidai maƙabartar coci, Kaka ta dube ni.

"'Yar nan, in na mutu kada ku zurfafa ramin. Ku bar ni sama-sama, a ɓangarenmu."

Na yi mata alkawari. Amma ku riƙe mana sirri, kada Mai Girma ya ji an binne wani abin kirki.