Bargon da Na Bari a Garwa

Ni haifaffen Garwa ne, zafi kawai na sani. Don haka da abokina Bappa ya ce mu goya jaka mu taka cikin yashin arewa mu kwana a fili, sai na cire bargo daga jakata na cusa kilishi a gurbinsa.

"Aboki, sanyin can ba ya wasa," in ji Bappa.

Na ce, "Ni fa mahauci ne. Kitsen jikina ya ishe ni."

Ni ne a gaba har magariba, kamar soja. Rana na faɗuwa, sanyi ya shige ni har ƙashi. Girman kai ya hana ni roƙon mayafi, sai na lallaba cikin duhu na raɓi wani abu mai ɗumi, na yi barcina.

Da asuba dariya ta tashe ni. Ashe jakin jagoranmu na rungume, hannuna a wuyansa.

Na dai dawo da ƙafata, ko mura ban yi ba. Amma har yau in na shiga mayanka, sai wani ya ɗaga murya: "Ango, ya kwanan amarya?"