Zaren Wuyan Amarya

Ba zan taɓa mantawa da bikin Zenaba ba, ko da yake na gaji da tuna shi. Lokacin ina yi wa amare lalle a unguwar Habbena, kuma na yi suna wai ina gane budurwa da zare. Kakata ce ta koya min: a auna wuyan yarinya, a ninka tsawon, ta ciji bakin zaren, a zura madaukin ta kanta. In ya wuce, to ta san namiji. (Ban taɓa tambayar Kaka a kan wa ta gwada ba.)

Ranar lalle da hantsi, gwaggon ango ta ja ni gefe. "Yarinyar nan kullum tana kan keke zuwa makarantar lise, mutane na magana. Ki duba mana kafin a ɗaura. In babu budurci, kalas, shi ke nan mun fasa."

Ni kuwa uwar iyawa, na ce wa Zenaba zan auna mata sarƙa. Ta ciji zare, na zura. Ya wuce sumul. Kowace mace a ɗakin ta san abin da nake yi. Zenaba ma ta gane. Hawaye suka zubo mata, ga hannuwa duk lalle, ba halin sharewa.

Sai yayarta Hadiza ta miƙe, da goyo a bayanta. "Inna, kawo zaren nan. A fara da ke."

Na so in zille, mata suka rufe ƙofa. Aka auna ni, na ciza, aka ja. Zare ya maƙale a goshina. Aka sake ja har ɗankwalina ya faɗi, ya ƙi wucewa. Ni mai 'ya'ya shida, autana yana tsakar gida yana ihu, na fito budurwa fil. (Gwaggon ango, mai aure uku, ita ma ta fito budurwa.)

Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Aka ɗaura aure washegari.

Zenaba kaɗai ba ta yi dariya ba. Da zan tafi ta ce a hankali, "Inna, waɗanda kika auna kafin ni fa? Su ba su da yaya irin tawa?"

Na san sunayensu kuwa. Tun ranar na koyi cewa zare ɗinki aka yi shi dominsa. Ni dai na sha kunyar yini ɗaya, har ana tsokanata da ita a kasuwa. Su kuwa waɗancan 'yan matan, ba a taɓa ba da labarinsu ana dariya ba.