Taurarin da na gano a hanjin ƙudan tsando

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini duk abin da na haddace, da safiyar da na tsaya gaban manyana ina yi wa datti kirari da tsantsar Hausa.

A shekarar hidimar ƙasa aka tura ni wani ɗakin bincike a Kaduna, inda ake nazarin sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Mu biyu ne sababbi: ni da Abdulhadi, wani ɗan unguwar Abakpa mai yawan fara'a, wanda da wuya ya kai hira ƙarshe ba tare da ya cusa mata Turanci ba. (Ni kuwa ko gaisuwa sai na tace ta, shi ya sa ya raɗa mini suna Malam Ƙamus.) Shugabarmu, Dakta Hajara, ta faɗa mana tun farko cewa gurbi ɗaya ne kacal zai rage bayan hidima, kuma aikin kowa ne zai yi masa shaida.

Ga yadda aikin yake. Ana rina hanjin ƙudan yadda ƙwayoyin cutar za su yi kore, a shimfiɗa shi ƙarƙashin siririn gilashi, sai madubin ƙara girma ya ɗauki hotonsa hawa-hawa, daga jikin gilashin zuwa can ciki, kamar burodin da aka yanyanka. Kwamfuta ce ke haɗa yankunan su zama abu mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda za a iya juyawa ta kowace fuska. Namu shi ne mu datse gefen da ba a bukata, mu daidaita haske. Dokar Dakta ɗaya ce: ma'aunin haske guda ga dukkan hotuna, kada kowa ya ja nasa yadda ransa ke so.

Hotunan Abdulhadi suna fita tas. Dakta takan tsaya a bayansa ta ce, "Madalla, wannan ya yi." Idan ta zo kaina sai ta ce, "To, ci gaba." Na auna kalmomin nan biyu a zuciyata fiye da yadda na auna kowane hoto. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ya wahala. Yana aiki yana cin gyaɗa, yana gardamar ƙwallo da direbanmu, ni kuwa na haɗe gira kamar mai rabon gado, amma nawa hoton sai ya fito dishi-dishi kamar an leƙa rijiya.

Wata rana ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malam Ƙamus, kawo in ɗan taɓa maka mana. Wallahi ba wani abu ba ne, ka fara dubawa ta gefe kafin ka yanka."

Na ce, "Na gode da karamcinka, amma kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba."

Ya ce, "To Allah Ya kawo ranar," ya koma kan gyaɗarsa. (Na ji haushin cewa bai ji haushi ba.)

Da aka sa ranar da kowannenmu zai nuna aikinsa gaban Dakta da wasu likitocin dabbobi da ke aiki da makiyayan wajen Rigachikun, sai na ƙudura cewa hotona zai dusashe nasa. Na buɗe yankunan ɗaya bayan ɗaya. Na sama-sama, kusa da gilashi, suna da ɗigo-ɗigo masu kaifi, gwanin sha'awa. Na ciki kuwa hazo ne, domin haske yana raunana in ya nutsa cikin nama. Na ce a raina, ashe hazon nan ne ke zubar mini da mutunci. Na datse shi gaba ɗaya, na bar na sama. Sannan na kama ma'aunin haske na ja shi har ƙurya. Nan take ɗigon nan suka kama walƙiya a kan baƙin fili. Ban duba ta gefe ba, saboda shawarar Abdulhadi ce.

Ranar na sa farar shadda da hula zanna. Abdulhadi ya fara, ya yi bayaninsa rabi Hausa rabi Turanci, aka gyaɗa kai. Da majigi ya haska nawa a bango, na ji wani baƙo ya ce, "Masha Allah." Na saci kallon Abdulhadi, na ga ya daina murmushi, na ji daɗi har ƙashina.

Na gyara murya na ce, "Ranku ya daɗe, abin da kuke gani rundunar sammore ce ta yi sansani a hanjin ƙuda, birjik kamar taurari a daren da babu wata. Ku dubi yawansu, ku dubi tsarinsu." Na ci gaba a haka, har da karin magana biyu.

Dakta ta bari na dire, sannan ta ce a hankali, "Juya mana shi mu gani ta gefe."

Na juya. Rundunar tawa ta kwanta ta zama layi ɗaya siriri, a baje kamar gurasar da aka zauna a kai. Hanji abu ne mai kauri, kowa a ɗakin ya san haka.

Ta ce, "Ina zurfinsa?"

Na ce, "Na datse hazon, ranki ya daɗe."

"Buɗe mana na asali."

Na buɗe. Ta sa na mayar da haske kan ma'aunin kowa, na gangara cikin hazon. Ga su nan, ƙwayoyin cutar na gaskiya, sirara masu lanƙwasa, kwance cikin abin da na zubar. Taurarina kuwa suka dushe har sai an ƙura ido.

"Waɗancan fa, Dakta?" in ji baƙon da ya yi Masha Allah.

Ta ce, "Dattin gilashi ne. Bai goge shi da kyau ba."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Wani dattijon likita ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, a tsanake, ban sani ba ko da gayya. Sai Abdulhadi ya ɗaga hannu ya ce, "Dakta, gaskiya samfurinsa ya fi nawa cutar. In aka gyara yankan, hotonsa zai fi nawa kyau." Ya faɗa da zuciya ɗaya. Na nemi mugunta a fuskarsa don in sami abin riƙewa, ban samu ba. Wato duk watannin nan abin da nake hassada a kai yana cikin kwamfutata, ni na sa hannu na yanke shi.

Shi aka ba gurbin, kuma ko ni ne Dakta shi zan ba. Na taya shi murna da jimla mai kyawun gini. Ya rungume ni ya ce zai riƙa turo mini hotuna in ba shi shawara. Yana turowa har yau, kuma suna da kyau, Allah Ya isa.

Abin da na tsira da shi kaɗan ne, amma nawa ne: idan babu abu, ƙara masa haske ba ya kawo shi, sai dai ya taimaki jama'a su ga babun da kyau, har daga kujerar baya.