Bangon da Bai Cika Ba

A wani gari da ake kira Sai-Haƙuri, akwai rami a bayan kwanar shiga gari. Ramin ya girmi yawancin mutanen garin, har an raɗa masa suna Maraba, domin shi ne ke fara tarbar baƙo. Direbobi arba'in da ɗaya ya ci, na tirela da na bas. Fasinja kuwa ba a lissafa su, tunda ba su da ƙungiya.

Da abin ya ishi direbobi, suka kai kuka gaban Mai Gari Na-Ji. Ya share hawaye da hannun riga, ya tara majalisa.

Wani ɗan majalisa da bai daɗe da shigowa ba ya ce a cike ramin. Sarkin Jaje, wanda aikinsa zuwa ta'aziyya a madadin hukuma, ya dube shi da tausayi, sannan ya juya ga Mai Gari.

"Ranka ya daɗe, in an cike rami, a ina za a rubuta sunanka? A ƙasa, motoci su taka?"

Aka watse a kan za a karrama mamatan.

Ranar da motocin tsakuwa da siminti suka sauke kaya a bakin Maraba, matan tasha har guɗa suka yi. Bayan wata biyu sai ga bango, dogo, fari tas, an gina shi daidai kan kwanar, yadda mai tahowa ba ya hango ramin sai ya iso. Sunan Mai Gari a sama, sunayen direbobi a ƙasa. Magini mai hangen nesa ne, ya bar gurbin suna ɗari biyu.

To, akwai wani tsohon direba, Baba Jatau, da ido ya raba shi da sitiyari. Ɗansa Tanimu ke jan bas, yana dawowa duk ranar kasuwa da mutum goma sha takwas. In ya doso kwanar yakan danna ham sau uku, biyu gajeru ɗaya dogo, don tsohon ya san ya iso.

Baba Jatau bai iya jawabi ba. Abin da ya iya shi ne abin da kowane direba ke yi in motarsa ta mutu a hanya: ya karyo ganye ya jera a kwalta, na baya ya gani ya taka birki. Kullum da safe sai ya saro rassan darbejiya, ya jera su tun daga nesa har bakin ramin. Wata goma sha ɗaya Maraba bai ci kowa ba.

Sai aka fara shirin bikin cikar bango shekara guda. Sarkin Jaje ya zagaya bangon, ya dawo wurin Mai Gari fuska a murtuke.

"Ranka ya daɗe, aiki ya tsaya. Yadda muka bar shi bara, haka yake, ko suna ɗaya bai ƙaru ba. Baƙi za su zo daga garuruwa bakwai, me za ka yaye musu? Farin bango? Cewa za su yi ba ma ci gaba."

"Wa ya jawo?"

"Wani tsoho ne ke zubar da shara a wuri mai alfarma."

Aka kawo Baba Jatau. Ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Baba," in ji Mai Gari, "ba ka ƙaunar 'yan'uwanka da suka rasu?"

"Tare muka ci tuwo da su a tasha, ranka ya daɗe. Bawa Dogo ni na ciro shi daga ƙarƙashin mota."

"To me ya sa kake ɓata musu wuri?"

"Su ai sun riga sun isa. Na hanya nake ji."

Magatakarda ya duba takardunsa ya ce babu ofishin da ke kula da na hanya. Wanda ke da rai bai cika sharaɗi ba tukuna.

Mai Gari mutum ne mai tausayi, bai ɗaure tsohon ba. Naɗa shi ya yi Uban Biki. Aka ɗinka masa babbar riga, aka haɗa shi da 'yan doka biyu masu kula da lafiyarsa, kada ya wahalar da kansa da saran itace. Aka sa bikin ranar kasuwa, don a samu jama'a.

Ranar, tun da hantsi aka share hanya ƙal, ko tsinke babu. Aka kafa rumfuna can gefe, nesa da kwalta, saboda lafiyar manyan baƙi. Aka zaunar da Baba Jatau a sahun gaba.

"Ɗana," ya ce wa ɗan dokan da ke damansa, "reshe ɗaya kawai. In ajiye in dawo."

"Haba Baba, kai da bikinka? Zauna a ɗauke ka hoto."

Mai Gari ya miƙe ya yi jawabi a kan darajar direba, wanda ba ya barci don gari ya ci abinci. Ya yi kuka sau biyu, sau ɗaya don masu hoton da suka makara. Sannan aka miƙo masa damin furanni, kore shar, ya ɗora a gindin bango, ta ɓangaren da baƙi ke gani.

Mai sassaƙa sunaye yana zaune kusa da Uban Biki, da guduma da kurfi a cinya, an ce ya zauna cikin shiri. Mutum ne mai ladabi. Ya sunkuyo ya rage murya.

"Baba, ba don komai ba. Yaron naka, Tanimu Jatau yake amsawa, ko yana haɗawa da sunan kaka?"

Tsohon ya juya kai wajen hanya. Kunnensa na can bayan bango, inda ham ya yi kuka sau biyu, gajeru.

Sarkin Jaje ya ɗaga wa makaɗa hannu su ƙara sauti.